Ɗari Uku da Sha Biyu Daga Gindin Tanki

Duk wanda ya taɓa sayen gurasa a lungunmu na bayan dutsen Dala ya san Gwaggo Kaltume, ya kuma san ba a tsayawa yi mata dogon ciniki. Kafin ka gama faɗin ta nawa kake so, ta naɗe maka a takarda, ta haɗo da canjinka a hannu guda, ta riga ta juya kan na bayanka. Baƙi sukan ɗauka masifa ce da ita. Ba masifa ba ce. Shekara goma sha takwas ta yi tana miƙa gurasa ta tagar jirgin ƙasa, shi kuwa jirgi minti shida yake tsayawa. Hannun ne ya saba, har gobe bai yarda cewa mai saye ba wucewa zai yi ya bar ta ba.

Ni sunana Nafisa, malamar firamare ce, kuma duk wanda ya san ni zai gaya maka bakina ya fi ni sauri. Gwaggo yayar mahaifina ce. Kakanninmu daga Borno suka zo da fataucin kanwa, suka sauka a Dala, suka manta hanyar komawa. Abin da ya rage mana na Barebari bai wuce sunaye da turaren wuta ba, sai 'yan kalmomi uku ko huɗu da tsofaffi suke zagin jikoki da su. A cikin wannan gida aka haifi Gwaggo, a nan ta koyi manna ƙullu a jikin tanderu ba tare da ta ƙone ba, tun kafin tsawonta ya kai ta leƙa cikinsa sosai.

Mijinta, Baba Bukar, ɗan malaman maƙwabtanmu ne da ya ajiye allo ya shiga aikin reluwe. Ita da bakinta take cewa ita ta nuna shi, kakanmu ya yi ta mita wai duk 'yan kasuwar Dala ba ta ga kowa ba sai mai dukan ƙarfe a rana. Ta ce ta ji ta gani. A shekarar 1969 aka ɗaura, bayan sati biyu aka sa ta a jirgin Nguru da akwatinta da tukunyar tanderu naɗe cikin buhu, aka nufi wata tasha da ake kira Tsamiyar Layi. Kullum in ta zo nan a labarin sai ta yi dariya, ta ce duk tafiyar nan ba ta yi kukan barin gida ba, hankalinta yana kan kada tukunyar ta fashe.

Mu yaran gidan mun ji labarin Tsamiyar Layi har mun haddace. Kafin a shimfiɗa dogo, in ji ta, ba komai a wurin sai tsamiya ɗaya da rijiya. Jirgin lokacin mai gawayi ne, yana shan ruwa, sai aka kafa masa tanki a kan dogayen ƙafafu na ƙarfe. Da jirgi ya fara tsayawa shan ruwa, sai aka kawo sikelin gyaɗa. Da sikeli ya zo, kanti ya biyo shi, sai gidajen ma'aikata, sai mahauta da masu shayi da teloli, kowa daga garinsu. Babu ɗan asali ko ɗaya, kowa baƙo ne, shi ya sa ba mai yi wa wani gori. Ba mai agogo a garin sai shugaban tasha, kuma ba wanda ya damu. In an ji kukan jirgi daga kwanar gabas, mata su sauke tukunya, masu talla su kwasa a guje. Gwaggo ta ce a rana guda takan sayar da gurasa kwando huɗu, mutanen Nguru har saƙo suke bayarwa a taho musu da ita.

Mutuwar garin kuwa ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko aka kawo injin da ba ya shan ruwa, tsayuwar jirgi ta ragu. Sai fari, sai cutar da ta cinye gyaɗa, sikeli ya yi tsatsa a inda yake. Sai aka zuba kwalta ta bi ta wani gari mai nisan mil goma sha ɗaya, motoci suka kwashe fasinja. Jirgin kullum ya koma na sau biyu a sati, daga nan ya koma na ranar da Allah ya kawo shi. Mutane suka riƙa ɓalle kwanon rufinsu suna ɗorawa a amalanke, suna komawa bakin titi. Sau uku Gwaggo tana gasa gurasa cikin kwando ta zauna jiran jirgin da bai zo ba, ta rabar sadaka. A 1987 Baba Bukar ya ajiye aiki suka dawo Dala, ina da shekara takwas. Ba su cika wata shida da dawowa ba mahaifiyata ta rasu, na koma ɗakin Gwaggo da tabarmata.

Ita ta yi min kitso, ita ta bi ni asibiti, ita ta ɗauki kwandon gurasa ta saya min littattafan sakandare ɗaya bayan ɗaya. Ba ni kaɗai ba, yaran gidanmu aƙalla goma sun ci tuwon hannunta sun kwana a bayanta. Abin da kowa ya sani shi ne Allah bai ba Gwaggo haihuwa ba. Baba Bukar bai ƙara aure ba har ya koma ga Allah, ita ma ba ta taɓa kawo zancen ba, mu kuma muka ɗauke shi kamar yadda muka ɗauki tsawonta da launin fatarta.

Akwai abin da na yi mata da har yanzu in na tuna sai na ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Lokacin ɗana na fari yana goye, zazzaɓi ya kama shi, na bi na rikice, ina kuka ina kiran sunansa a tsakar gida. Gwaggo ta ce in sassauta, in ji kunyar idon mutane, ɗan fari ne. Ni kuwa da bakin nan nawa na juyo na ce mata ita ba ta haifa ba, ba za ta gane ba. Ta sunkuya ta ciro gurasarta daga tanderu, ta jera a faifai, ta zo ta karɓi yaron ta goya shi har zazzaɓin ya sauka. Daga baya na ba ta haƙuri, ta ce ita ba ta ma ji abin da na ce ba.

Bara, ƙarshen damina, zancen ya taso daga inda ba a zata ba. Akwai Malam Sule, mai sayar da rodi a Ƙofar Ruwa, magidanci mai 'ya'ya bakwai, wanda shekara ashirin bai karya da komai ba sai gurasar Gwaggo. Yana tsaye tana naɗe masa, yake ba da labarin wasu mutane da suka kawo masa yankakken ƙarfen dogo cikin mota, ya kore su, ya ce shi ba ya sayen rigima. Ya ƙara da cewa wai ta wajen tsohuwar tashar nan ta su Gwaggo aka ɓalle shi, Tsamiyar Layi, ana ta ɗagewa har da na ƙasa. Ya karɓi gurasarsa ya tafi. Ina shirin makaranta na ji ƙauri ya cika gida. Na fito na tarar da Gwaggo zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne, hannu bisa gwiwa, gurasa tana ƙonewa a tanderu. Tunda nake ban taɓa ganin ta ƙona ko ɗaya ba.

Da la'asar ta shigo ɗakina, abin da ba ta cika yi ba, ta zauna a bakin tabarma. Ta ce so take in kai ta Tsamiyar Layi. Ni kuwa na buɗe baki kamar yadda na saba: me aka ajiye mata a can, garin da ko akuya ta gudu, ga gwiwarta da ko masallacin unguwa ba ta kai ta sai da hutu biyu, ga hanya ba tsaro. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce, tana duban bango:

“Akwai yaro a can.”

Na ce wane yaro? Ta ci gaba da duban bango. Sai a lokacin na gane.

A hankali ta ba ni labarin, ba ta dube ni ko sau ɗaya ba. Shekara guda da zuwansu ta haihu, namiji. A can aka yi suna, a can ya yi rarrafe, a can ya fara tafiya yana riƙe da bakin zaninta. Yana shekara biyu da 'yan watanni ƙyanda ta shigo gari da bazara, ta kwashi yara, ta haɗa da shi. Daga shi ba ta sake ko ɓari ba. Manyan gidanmu sun sani, amma ɗan fari ne, wa zai tayar mata da zancen? Ita kuma ina ta ga bakin faɗa? A tarbiyyar da ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya mutu ma ba ta kuka a ji. Manyan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, zancen ya bi su. Ko a ranar nan da take gaya min, ba ta ambaci sunansa ba, “yaron” kawai take cewa, ni kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba.

Garin ba shi da maƙabarta tasa, tunda na baƙi ne. In babba ya rasu akan kai shi wani ƙauye a tsallaken fadama. In ƙaramin yaro ne, maza su naɗe shi su fita da shi, su dawo hannu sake, mata ba sa bi, ba sa tambaya. Ita ma ba ta tambaya ba. Amma da Baba Bukar ya dawo, ya tsuguna a bakin ƙofa yana wanke ƙafa, sai ya yi magana kamar da butar yake yi:

“Daga gindin tanki, a fuskanci Nguru, haƙarƙari ɗari uku da sha biyu. Sai a yi dama, taku ashirin.”

Haƙarƙari shi ne sunan da Baba Bukar yake kiran ƙarafan nan da ke kwance a gicciye ƙarƙashin dogo. Haka ma'aikatan layi suke kwatance. Daji ba shi da lungu balle lamba, saboda haka in dogo ya tsage ko jirgi ya buge saniya, sai su ƙirga daga wata alama tsayayya su kai rahoto, a zo a samu wurin ba kuskure. Da abin da ya iya ya yi mata ta'aziyya. Bai sake maimaitawa ba har ya bar duniya, ita ma ba ta nuna ta ji ba.

Shekara goma sha biyar ta ƙara a garin, daga ƙofar ɗakinta tana hango inda layin ya miƙe ya shige daji, ba ta taɓa takawa ba. Duk tafiyar da ta yi a jirgi ta wajen Kano ce, ko ta taga ba ta taɓa wuce wurin ba. Sai dai ta riƙe lissafin. A nan na gane wani abu da muka daɗe muna tsokanarta a kai: bayan kowace salla Gwaggo takan ja carbinta mai ƙwaya casa'in da tara sau uku, ta ƙara ƙwaya goma sha biyar. Mun sha ce mata wane malami ne ya ba ta wannan wuridi mai ratsi. Ashe istigfari take yi, tana kuma ajiye adadin kada ya ɓace mata.

Ta ce muddin ƙarafan nan suna kwance, ta san ko ba ta je ba wurin yana nan, kowa ya ƙirga zai samu. In aka kwashe su, shi ke nan, daji ya zama ɗaya. Sannan ta faɗi abin da ya fi ci mata rai shekara hamsin:

“Shi kaɗai ne a dajin nan, Nafisa. Yaron da ko ɗebo ruwa zan je ba ya yarda in bar shi.”

Wallahi na yi kuka ranar nan, kukan tausayinta da kukan kunyar abin da na taɓa faɗa mata. Ita kuwa ta ce in share hawaye kada yara su shigo su tambaya. Na ce to yanzu kunyar fa? Ta ce waɗanda za ta ji kunyarsu duk suna ƙasa, saura ita.

Washegari na bi Malam Sule har rumfarsa a Ƙofar Ruwa. Ban gaya masa komai ba sai cewa Gwaggo tana son ganin tsohon garinsu. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce tun jiya yake jin kamar ya yi ɓarin baki. Ya ce ran Asabar zai rufe rumfa, a motarsa ta ɗaukar rodi za mu.

Mun fita bayan asuba, Gwaggo a tsakiya da butarta da carbinta, ta yafa farin mayafin da take zuwa idi da shi. Kwalta ta kai mu inda za ta iya, muka sauka muka bi hanyar amalanke cikin gonakin dawa, motar tana tsalle, ni ina ta yi wa Malam Sule faɗa ya bi a hankali kamar shi ya haƙa ramukan. Da hantsi ya ɗaga muka hango tankin, tsaye a kan ƙafafunsa, ja wur da tsatsa. Gwaggo ta ce a tsaya, daga nan da ƙafa za ta shiga.

Kai, gari in ya mutu abin tausayi ne. Ofishin tasha ba rufi, awaki sun mayar da shi ɗakin kwana, tagar sayar da tikiti tana nan da 'yan sandunanta na ƙarfe. Gidajen ma'aikata sun zama tsibin ƙasa, tafasa ta fito a kansu. Tsamiyar ce kawai ba abin da ya same ta. Gwaggo tana tafe tana nuna min: nan kanti, nan mai shayi, nan telan da ya ɗinka mata rigar suna. Ba ta cewa “a da”, cewa take “ga kanti nan”, ni kuwa ba abin da nake gani sai ciyawa. Gida huɗu ne suka rage da mutane a ciki, can gefe.

Daga cikinsu wani dattijo ya fito da fartanya a kafaɗa, ya yi mana sallama. Sunansa Malam Audu, ɗan maigadin tashar ne na da, shi bai tashi ba saboda gonar ubansa. Ya ƙura wa Gwaggo ido, sai ya ajiye fartanyar ya durƙusa, ya ce ko ba matar Bukar mai gurasa ba ce? Ya ce yana yaro ita take ba su gefen da ya ɗan yi baƙi. Gwaggo ta ce ƙarya yake, ita gurasarta ba ta baƙi. Muka yi dariya gaba ɗaya, ita ce dariyar farko tun fitowarmu.

Shi ya gaya mana wata biyu ke nan da wasu mutane suka zo da manyan motoci da takardun da ba wanda ya iya karantawa, suka yanke dogon, suka ɗage har na ƙasa. Muka je gindin tanki muka duba gabas. Babu ƙarfe ko na ɗaura akuya. Sai doguwar gaɓar tsakuwa da ta miƙe ta shige cikin gonaki. Gwaggo ta tsaya riƙe da carbi, tana bin gaɓar da ido. Ni kuwa raina ya ɓaci, na fara surfa wa ɓarayin ƙarfe duk abin da ya zo bakina.

Malam Sule ne ya katse ni. Ya tsuguna yana shafa tsakuwar, ya ce in zo in gani. Kowane ƙarfe da aka ɗage ya bar gurbinsa, ɗan kwari a gicciye, ruwan damina ya kwanta a ciki, ciyawa ta fito kore shar. Tsakanin gurbi da gurbi kuwa tsakuwa ce fara. In ka miƙe ka duba, sai ka ga layin a jere kamar an zana shi. Ya ce wata damina ɗaya in ta ƙara wucewa, ba za a ga komai ba. A nan ne na gaya masa abin da ya kawo mu, shi da Malam Audu. Malam Sule ya cire hularsa ya mayar.

Muka fara. Gwaggo a gaba, na riƙe mata hannun hagu, carbi a damanta, kowane gurbi ƙwaya ɗaya. Ba ta yarda wani ya ƙirga mata ba. Matar da ba ta kai masallacin unguwa sai ta huta, sai ga ta tana taka tsakuwa cikin rana ba ta ko nishi. A ɗari da arba'in na roƙe ta ta zauna ta sha ruwa, ta ce ruwan butar nan ba na sha ba ne. Ta sa babban yatsa ta danne ƙwayar da ta tsaya a kai, ta ɗan jingina da ni, muka ci gaba.

A ɗari biyu da shida muka iske ruwa ya yanke gaɓar, ya yi kwazazzabo mai faɗi, gurabun sun tafi da shi. Na ce shi ke nan, lissafi ya lalace. Malam Sule bai kula ni ba. Ya zaro tef ɗin awonsa daga aljihu, wanda yake auna rodi da shi, ya auna tsakanin gurabu biyar na baya, ya ba Malam Audu bakin tef ɗin ya tsallaka da shi. Ya yi lissafinsa a ƙasa da tsinke, ya sake aunawa don kada a yi kuskure. Ya ce goma sha ɗaya ne suka tafi. Gwaggo ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce shekara talatin yana auna ƙarfe, bai taɓa cutar kowa da inci ɗaya ba, ba zai fara a kanta ba. Ta ja ƙwaya goma sha ɗaya. Mu biyu muka tallafe ta muka zagaya ta inda ba zurfi.

Da carbi ya zagayo sau uku, ta fara ƙirga sauran a fili, muryarta ƙasa-ƙasa. A na goma sha biyar ta tsaya cak, ta juya dama. Dawa ce a gabanmu, ta fi mu tsawo, ta yi kai. Na ce a raina an nome wurin. Malam Audu ya ce gonarsa ce, mu shiga. Ya wuce gaba yana buɗa mana kara, Malam Sule ya yi takun tunda takun namiji aka faɗa, mu muna biye.

Bai kai ashirin ba dawar ta ƙare. Muka fito wani ɗan fili a tsakiyar gonar, bai fi faɗin ɗaki biyu ba, ba a taɓa sa masa fartanya ba. Sabara ta fito a gefe, an kewaye shi da ƙaya. Malam Audu ya ce tun yana yaro ubansa ya ja masa kunne kada garma ta taɓa nan, ya ce amanar mutanen tasha ce. Shi ma haka ya gaya wa 'ya'yansa. Bai taɓa sanin ko su wane ne ba, yakan dai share wurin duk shekara in ya gama girbi.

Na duba da kyau. Ƙasar ta kwanta, amma alamun suna nan: guntayen ƙarfen layi da aka kafa, da tsingaron tukwane da suka nutse rabi. Ba ɗaya ba ne. Na ƙirga bakwai, a jere, kusa da kusa, kowanne bai fi tsawon hannuna ba.

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Sannan ta sulale ta zauna a ƙasa, ta fara lissafi da yatsu, ba da mu take ba. Ta ce shekarar ƙyandar nan Uwani matar mai tura kura ta rasa tagwayenta, biyu ke nan. Fanna ta rasa 'yarta mai ɗan tabo a goshi. Tani matar mahauci, namiji. Bayarabiya matar akawu, ita ma namiji, wanda ya fi su duka ƙiriniya. Sai 'yar mai shayi. Ta lanƙwasa yatsa na shida, ta tsaya, ba ta lanƙwasa na bakwai ba. Duk ta san sun rasu, tare aka yi zaman makoki, amma ba macen da ta san inda aka kai nata. Kowacce ta ɗauka nata shi kaɗai aka yasar a daji. Ashe mazan wuri guda suka yi ta kawo su, kowa ya kwantar da nasa kusa da na abokin aikinsa, suka koma gida ba su faɗa ba.

“Kullum a gindin tanderuna suke wuni,” in ji ta. “Sai na kore su kada su ƙone, su dawo.”

Sai ga hawaye, ba sauti, yana bin kumatunta yana ɗiga a farin mayafin. Ba ta share ba, ba ta kuma juya mana baya ba. Malam Sule da Malam Audu suka ja gefe suka ɗaga hannu suna addu'a. Ni na durƙusa kusa da ita, na ce bari Malam Sule ya sake yin takun daidai, a gane wanne ne nata a ciki. Ta riƙe min hannu ta girgiza kai.

“Bar shi cikin 'yan'uwansa. Iyayensu mata duk sun tafi, ni kaɗai na samu zuwa.”

Ta miƙo min hannu na tashe ta. Ta ɗauki butar da ta ɗauko tun daga Dala, ta jijjiga ta ji yawan ruwan, ta dubi kaburburan ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin rabon tuwo. Ta fara daga na gefen gabas, tana tsiyaya a tafin hannu tana yayyafawa, tana ambaton sunan uwar kowanne. Ruwan ya so ya ƙwace mata a na uku, na kai hannu zan taya ta.

“A hankali,” ta ce da ni. “Su bakwai ne, kowa sai ya samu.”